Ranar da Kwaɗi Suka Cika Mini Aji

Ko da zan manta komai na lokacin da nake koyon aikin malanta, akwai rana ɗaya da ba za ta taɓa fita daga raina ba, wato ranar da aka zo duba ni a aji. Yau na daɗe ina koyarwa, wasu daga cikin yaran da suka bi ta hannuna har sun yi aure, amma har yanzu in damina ta sauka na ji kukan kwaɗo sai na kama dariya ni kaɗai, maigidana ya yi ta kallona yana tambayar ko lafiya.

Ni ƴar cikin birnin Kano ce, haihuwa da tashi. Ina shekarar ƙarshe a kwalejin ilimi, inda nake karanta ilimin halittu, aka tura mu makarantu mu gwada koyarwa. Na roƙa aka tura ni wata ƙaramar sakandare a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, saboda a can gwaggona, ƙanwar babana, take aure, ka ga na huta da neman masauki. Gari ne na noman rani. Duk inda ka juya shinkafa ce kore shar, ga tumatir ga albasa, ga kuma kanal, wato babbar magudanar da ke kawo wa gonaki ruwa, ta bi ta bayan makarantar ta wuce.

Dokar kwalejinmu ita ce, wani malami zai zo ya zauna a bayan aji ya kalli yadda kake koyarwa, ya ba ka maki. In ka faɗi, ƙawayenka su gama su tafi, kai kuma ka dawo baɗi ka sake. Ni kuwa rabona ya faɗa a kan wata Hajiya da kowa yake tsoro a sashenmu. Ba ta faɗa, ba ta ɗaga murya, amma ba wanda ya taɓa ganin haƙorinta. Ƙawata da Hajiyar ta duba kafin ni ta bugo mini waya tana kuka. Sai ga saƙo cewa ni ma tana tafe, kuma zuwa ɗaya za ta yi. Abinci ma ya daina yi mini daɗi.

Darasin da ya faɗo a makon shi ne rabe-raben dabbobi, da kuma waɗanda ake fargabar za su ƙare a duniya. Na zauna na yi tunani, na ce bari in ɗauki biyu in gwama su, ɗaya na nesa ɗaya na gida: kifin shak na teku, da kwaɗo. Na san Hajiya ba ta son malamin da zai tsaya yana ta surutu ba komai a hannu. Kullum maganarta ita ce a kawo wa yaro abin da zai gani ya taɓa. To shak dai ba ni da inda zan samo shi, don haka na sayi babban kwali na zana irin wanda kansa yake kamar guduma, na je wurin mahauci ya yanko mini guringuntsi, na ƙulle a leda. Saura kwaɗo. A nan ne matsalar take, domin ni a duniya ba abin da nake ƙyama kamar kwaɗo. In na gan shi a banɗaki, to wankan ranar sai an yi da gaske.

Ana gobe Hajiya za ta zo, da za a tashi sai na ce wa ƴan ajina, "Gobe ina son a zo mini da kwaɗo mai rai."

Suka haɗa baki suka ce, "To, Malama!"

Ni a zuciyata ɗaya nake nufi, wani ya taimaka ya kamo. Abin da ban sani ba, a makarantar nan in malami ya ce a zo da tsintsiya, to kowa da tasa zai zo, wanda ya zo hannu rabbana a bakin ƙofa zai ƙare. Haka suka saba tun suna firamare. Ba wanda ya ga dalilin da zai sa kwaɗo ya bambanta da tsintsiya. Ga shi kuma a makon an rufe ruwan kanal, magidanta sun fito gayya suna yashe taɓo da ciyawa, kwaɗin duk sun rasa mafaka sai ƴan wuraren da ruwa ya kwanta.

Da safe ina shiri, sai aka yi sallama aka miƙo wani ƙunshi daga maƙwabta, wai a ba Malama. Ban yi mamaki ba, don tun zuwana iyayen yara suke aiko mini da tumatir da albasa, mutanen kirki ne ƙwarai. Gwaggo ta karɓa ta kwance. Na ji ta yi salati. Na leƙo. Kwaɗi ne busassu, an yi musu banda, an jera su a tsinke, sun miƙe ƙafafu.

Gwaggo ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ƴar nan, yaushe kika fara?"

Na ce, "Fara me, Gwaggo?"

"Cin wannan abin mana! Ubanki ya sani kuwa?"

Ashe a yankin, wanda duk ya ce yana neman kwaɗo an san dalilinsa. Akwai baƙin ƴan kasuwa da suke zuwa daga kudu su saya buhu-buhu, akwai kuma masu kama musu su yi banda. Da yara suka koma gida suka ce sabuwar malama tana son kwaɗo, sai iyaye suka fahimci abin yadda suka saba fahimtarsa. Matar da ta aiko har da saƙon lallashi, wai kada in ji kunya, kowa da abin da ya saba, ita ba za ta gaya wa kowa ba. Alhali a lokacin rabin garin ya riga ya ji. Na yi rantsuwa har na gaji, Gwaggo tana riƙe da ciki tana dariya har da hawaye. Ta ce in tafi kada in makara, ita za ta san yadda za ta mayar ba tare da an ji haushi ba.

Tun daga ƙofar makaranta na san yau akwai magana. Kowane yaro na ajina yana ɗauke da wani abu. Wannan gwangwanin madara, wannan robar fenti, waccan buta ta toshe bakin da tsumma, wani har a safar ƙafarsa ya ɗauro nasa, tana ta motsi. Biyu daga cikin manyan maza kuwa buhun taki suka kinkimo, wai sun ƙaro saboda waɗanda ba su samu ba. Ina buɗe baki in ce a fitar da su, sai na hango adaidaita ta tsaya, Hajiya tana saukowa da jakarta. Na rasa abin yi. Na ce kowa ya tura nasa ƙarƙashin benci ya rufe, wanda duk ya bari nasa ya yi ko tari, ni da shi ne.

Ta shigo, muka gaisa, ta wuce bayan aji ta zauna ta fito da biro. Na yi bisimilla a zuciya na fara.

Farkon darasin, wallahi, ya tafi yadda nake so. Na liƙa kwalin shak a allo, ajin ya fashe da dariya. Wani ya ce, "Malama, wa ya buge masa kai haka?" Na ce haka Allah ya halicce shi. Na gaya musu shak kifi ne, a ruwa aka haife shi a ruwa zai mutu, da waɗansu tsagogi na gefen wuyansa yake numfashi. Amma ba kamar tarwaɗa ko karfasa ba, shi ba shi da ƙashi mai tauri, ƙasusuwansa duk guringuntsi ne. Na zagaya da ledar mahauci kowa ya taɓa, sannan na ce kowa ya kama kunnensa ya lanƙwasa. Ajin gaba ɗaya ya kama kunne, kamar na ba su horo. Wata ƴar ƙarama ta ɗaga hannu a tsorace ta ce, "Malama, in an sako ruwa zai iya biyo kanal ya zo nan?" Na ce ta kwantar da hankalinta, wannan sai ruwan gishiri, kuma tsakaninmu da teku tafiya ce mai nisa.

Na koma kan kwaɗo. Na ce shi da shak dangi ne ta wuri ɗaya, dukansu suna da ƙashin baya, ko da yake na shak na guringuntsi ne, amma daga nan kowa ya kama gidansa. Kwaɗo yana fara rayuwa a ruwa da wutsiya kamar ɗan kifi, daga baya ƙafafu su fito, wutsiyar ta ɓace, ya sami huhu ya hau tudu. Har da fatarsa yake numfashi, shi ya sa in ta bushe sai ya mutu. Na saci kallon Hajiya, na ga tana rubutu. Na ce a raina, yarinya, kin kusa tsira.

Sai lokacin nuna kwaɗon ya yi. Monitar ajin wata yarinya ce doguwa mai baki, ba ta tsoron kowa. Na ce ta fito da nata ɗaya ta ɗaga a gani, ni kuma na ja da baya yadda ba za a lura ba. Ta ɗaga murfin bokiti. Wani ƙaton burduddugi, irin manyan nan na ruwa, ya yi tsalle ɗaya ya dira a cinyar ta kusa da ita. Ita kuma ta zabura ta shuri robar fenti, robar ta bugi buhu, bakin buhu ya kwance.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ƙasan ajin nan gaba ɗaya ya koma motsi. Mata suna ihu, maza suna rarrafe a ƙarƙashin benci, kowa yana cewa wancan nasa ne. Ni kuwa ban san lokacin da na hau kujerar malami ba, sai ganina na yi a sama, alli a hannu, ina tattare da bakin hijabina. Daga can saman nake kallo wani ya yi tsalle ya sauka daram a kan jakar Hajiya. Na rufe ido. Na ce shi ke nan, baɗi war haka ina nan ina sake wannan wahala.

Da na buɗe ido, sai na ga ta sa hannu ta kama shi ta ƙugu, hankalinta kwance kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa. Ta juya shi ta duba cikinsa, ta miƙa wa yaron da ke kusa da ita. Sannan ta ɗago ta ce, "Malama, ci gaba mana. Lokacinki yana tafiya."

Kunya ta kama ni, amma kunyar ce ta dawo mini da hankalina. Daga kan kujerar na daka tsawa na ce a rufe ƙofa, kowa ya kama na kusa da shi, a ware mini su iri-iri. Nan fa aji ya zama nasu. Kafin in sauko sun yi kashi uku. Ga na tudu masu ƙuraje a baya, waɗanda ba sa tsalle sosai. Ga burduddugi masu santsi da dogayen ƙafafu. Ga wasu ƴan mitsi-mitsi masu maƙalewa a jikin ganye. Suna ta gardama a kan wani da ya ƙi shiga kowane kashi, ni kuma ina tambayarsu dalili, suna ba ni. Rabe-raben da na kwana biyu ina tunanin yadda zan cusa musu, ga shi suna yi da hannunsu suna jin daɗi. Na ji ƙarfina ya dawo.

Saura kashi na ƙarshe. Na bayyana musu cewa masana sun jera dabbobin duniya mataki-mataki, tun daga waɗanda babu fargaba a kansu har zuwa waɗanda suke dab da ƙarewa. A ƙarƙashin hoton shak na rubuta, dab da ƙarewa. Na ce irin wannan mai kan guduma ana kama shi fiye da kima, ga shi yana daɗewa bai girma ba, ba ya kuma zuba ƙwai rututu kamar sauran kifaye. Yaran da suke yi masa dariya ɗazu duk suka tausaya masa. A ɗaya gefen na rubuta burduddugi, a ƙarƙashinsa na sa, babu fargaba. Har na ƙara da raha na ce, "Shaida ma ga ta nan, kun cika mini aji da su."

Monita ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malama, ba fa a gonakinmu muka samo su ba."

Na ce, "A ina kuka samo?"

"Mun duba namu babu, sai ɗai-ɗai. Duk can muka tafi, tsohon kududdufin da Fulani suke shayar da shanu. Nan ne ba a feshin magani. Kuma mun kwashe su tas, wallahi ko ɗaya ba mu bari ba."

Wani daga baya ya ce babansa ya ce da can in an sako ruwa mutum ba ya jin maganar na kusa da shi saboda kukansu. Wata ta ce yayanta mai kama wa ƴan kasuwa yanzu sai ya hau babur ya yi nisa. Suna faɗa ne kawai, ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai.

Ni kuwa sai na dubi bokitai da gwangwanaye. Rana ta fara zafi, rufin kwano ya ɗauki ɗumi, wasu daga cikin ƙananan sun lafe ba sa motsi. Da bakina na gama cewa in fatarsu ta bushe mutuwa za su yi. Wato wurin da ya rage musu a garin, ni na sa aka kwashe shi aka zube mini a aji, don in koyar da yadda ake kare dabbobi.

Ga shi lokaci ya kusa cika. Saura in taƙaita darasi, in yi tambayoyi, in ba da aikin gida, kuma kowanne da makinsa a wurin Hajiya. In na tsaya na yi su, sai an tashi tara kafin a sami mai mayar da kwaɗin, in ma an mayar ke nan. In na bari, na zubar da maki da hannuna. Na dubi fuskarta ko zan ga alama, ban ga komai ba.

Na ɗauki alli. Ban goge abin da na rubuta ba, don littafi bai yi ƙarya ba. A gaban babu fargaba na ƙara, a duniya. A ƙasa kuma na rubuta da manyan baƙaƙe, a garinmu fa? Na juyo na ce, "Kowa ya yayyafa wa nasa ruwa ya ɗauka. Mayar da su za mu yi, yanzu."

Muka fito a layi. Shugaban makaranta yana tsaye a baranda, ya saki baki yana kallonmu. Muka bi gefen kanal, inda masu gayya suke cikin taɓo har gwiwa. Wani dattijo ya dogara da shebur ya ɗaga murya ya ce, "Malama, an fasa miyar ne?" Duk suka kwashe da dariya, har da yarana marasa kunya. Na ce, "An fasa, Baba, gishiri ya yi tsada!" Da na waiwaya, sai na ga Hajiya tana biye da mu a kan ƴar siririyar hanyar da ke tsakanin gonakin shinkafa, ta tattare zaninta, takalminta duk taɓo.

A bakin kududdufin wata Bafulatana da ke wanke ƙwarya ta tsaya tana kallonmu. Ta ce, "Ikon Allah! Jiya a kwashe, yau a dawo da su. Karatun ke nan?" Yara suka durƙusa suna sakinsu, ruwan yana ta ƙara, cuɓul, cuɓul. Ƙananan da suka lafe, da suka ji laima sai suka fara motsi, banda guda biyu da ba su tashi ba, kuma abin ya taɓa ni. Monita ta zo ta ce in buɗe hannu. Kafin in yi gardama ta ɗora mini wani ɗan ƙarami. Sanyi ƙalau, zuciyarsa tana bugawa a tafin hannuna, tawa kuma ta fi tasa bugawa. Na sunkuya na sa shi a ruwa, yara suka yi mini tafi kamar na ci gasa.

Da muka dawo an daɗe da kaɗa ƙararrawa. Hajiya ta kira ni gindin darbejiya ta ce in zauna. Ta fara lissafo mini laifuffukana ɗaya bayan ɗaya. Ban taƙaita darasi ba. Ban ba da aikin gida ba. Umarnin da na ba yara bai fita sosai ba. Na fitar da aji ban nemi izini ba. Kuma a iya saninta, ba a koyarwa daga kan kujera. Idona ya cika da ƙwalla, ina ta cewa, "Haka ne, Hajiya." Sai ta rufe jakarta ta ce, "Duk waɗannan shekara ɗaya a aji za ta gyara miki su. Amma yarinya ta faɗi abin da ba ki shirya masa ba, kika tsaya kika saurara, kika kuma yi aiki da shi kina sane da abin da za ki rasa. Wannan ba mu iya koyar da shi a kwaleji. Kin ci. Tashi ki je ki wanke hannunki." Ta shiga adaidaita, kuma na rantse na ga kafaɗunta suna rawa kafin su sha kwana.

Na koma gida ina tafe kamar ba a ƙasa nake taka ba, na rungume Gwaggo har ta ce in sake ta, ƙarnin kududdufi nake yi.

Abin da na koya a ranar ya fi makin da na samu amfani. Na shiga aji ina tausayin kifin da ban taɓa gani ba, wanda ke can wata duniya, ban ko tambayi lafiyar wanda yake bayan katangar makaranta ba, saboda littafi ya ce babu fargaba a kansa. Ashe abu yana iya yin yawa a duniya, ya ƙare a garinku ba wanda ya lura. Shak yana da masu yi masa magana a ƙasashe da yawa, Allah ya taimake su. Kwaɗon kududdufinmu kuwa, in mu ba mu kula da shi ba, ba wanda zai taso daga wani wuri ya kula mana.